Hannun Kawu da Ma'aunin Albarushi

Shekaru biyu da suka wuce, ana saura wata guda Maulidi, Kawu ya tashi da asuba zai yi alwala, buta ta suɓuce masa daga hannun dama. Kafin hantsi bakinsa ya ɗan karkace. Muka sa shi a mota muka kama hanyar Tamanrasat, tafiyar kilomita kusan 130 daga nan In Amgel. Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa masa ɓarin jiki. Allah Ya sa abin ya zo da sauƙi. Magana ta dawo, ƙafa ta dawo, kafaɗa da damtse suka dawo da ƙarfinsu. Yatsu ne suka ƙi. Babban yatsa da manuni, waɗanda ake tsintar allura da su, har yau ba sa haɗuwa.

Wanda bai san Kawu ba zai ce ai an yi arziki, me dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya zai yi da yatsu biyu? Mu 'ya'yan ƙanwarsa, da muka tashi a tsakar gidansa, mun san inda ciwon yake. Kawu shi ne mai ɗuri na 'yan wasan barud. Fiye da shekara talatin, a biki ko a Maulidi ko in an tafi ziyarar Tazruk, bindigogin ƙungiyarsu ta hannunsa suke bi kafin su shiga fage.

Daga ƙasar Maraɗi ya zo, a 1974, lokacin babban farin da ya watsa mutane arewa da kudu. Ɗan maharbi ne, tun yana yaro shi ke riƙe wa mahaifinsa ƙahon albarushi idan za a ɗura adaka. Da ya iso nan ya kama aikin lambu a cikin kwari, ba ya jin Larabci, ba ya jin harshen Abzinawa. Ranar da ya fara ganin barud, wasan da aka fi sanin mutanen Tuwat da Tidikelt da shi, sai ya tsaya kamar an dasa shi. Maza sun yi da'ira, ganga na tashi, ana rausaya da bindigogi, sai madugu ya ba da alama, a juya bakin bindiga ƙasa, a saki wuta gaba ɗaya. Kyan wasan shi ne a ji ƙara guda tak. Kawu ya ga wani saurayi yana ɗuri da garaje, ya miƙa hannu ya karɓi bindigar ya gyara masa. Yakan ce bindiga ce ta fara yi masa tafinta a ƙasar nan.

Ba ƙarya ya yi ba. Kalmomin da muke kiran abubuwan nan da su, ta saharar nan suka ratsa suka je ƙasar Hausa. Bindiga daga bunduƙiyya take, albarushi daga albarud, harsashi kuwa daga arrasas, wato darma. Abin da 'yan bindigar fada suke yi a Hawan Sallar Kano da Katsina ɗan uwan abin da ake yi a Timimun ne rana ta bakwai bayan Maulidi. Hukumar UNESCO ta sa bikin Timimun cikin gadon al'adun duniya a 2015, ta sa hawan Kano a 2024. Kawu bai san da wannan ba, amma ya daɗe da sanin cewa warin hayaƙin ɗaya ne.

Maulidin shekarar da ya kwanta, a ɗaki ya yi shi. Muna zaune tare da shi aka saki wuta a fage, ƙarar ta zo a rarrabe, ɗaya daga ciki ta fi sauran nauyi. Ya ɗaga kai ya ce, "Sun cika mata ciki." Ya juya fuska ga bango, bai sake magana ba har isha. Daren nan muka ƙudurta sai mun samo masa abin da zai mayar da shi kan aikinsa.

Ɗan uwanmu da ke Faransa ne ya aiko mana da hotunan wani inji ta waya. Ya ce a Amurka maharba da masu gasar harbi suna sake ɗura kwanson harsashinsu a gida da shi, har da tsofaffin da amosanin gaɓɓai ya kama wa hannu. Ƙarfe ne mai nauyi da ake ɗaurewa a gefen teburi, yana da dogon mariƙi. A ja mariƙin ƙasa ya matse kwanso ya koma siffarsa, ya fitar da tsohuwar ƙwayar wutar da ke gindinsa, daga baya a sa sabuwa, a zuba gari, a dasa kan harsashi. Makonni muka yi muna musu a kan wanda ya dace. Akwai na Lee da ake riƙewa a hannu, muka cire shi nan take, don hannu biyu yake so. Akwai Rock Chucker na kamfanin RCBS, wanda Fred Huntington ya kafa a 1943, mai yin aiki ɗaya a kowane ja. Akwai Co-Ax na Forster, mai mariƙi a tsakiya, da dama da hagu duk suna iya jansa, kuma haƙoransa su ke cafke kwanso da kansu. Akwai na Dillon, mai yin ayyuka da yawa a ja guda. Matasanmu suka ce wannan na ƙarshe, tun da ya fi rage wahala. Babban yayanmu ya ƙi, ya ce injin da ke yin abu huɗu lokaci ɗaya yana iya zuba gari sau biyu a kwanso guda ido bai gani ba.

Duk wannan musu, ba wanda ya tambayi Kawu. Sai da muka tsayar da shawara muka kai masa wayar, muna jiran godiya. Ya kawo ta kusa da ido, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ku yaran nan, Allah Ya yi muku albarka. Amma ina kwanson da za a sa a ciki?"

Kunya ta rufe mu. Bindigar barud ta baki ake ɗura ta, kamar adakar mahaifinsa. Ba ta da kwanso, ba a ma sa mata harsashi, gari ne da ɗan toshi na takarda ko tsumma. Mun gani da idonmu tun muna yara, amma ƙyallin ƙarfen Turawa ya mantar da mu. Ga kuma doka. A Aljeriya makamai da harsasai da abin da ya danganci su suna ƙarƙashin dokar da aka kafa a watan Janairun 1997, albarushin wasa ma ba ya shiga hannu sai da izinin hukuma. Injin da muka zaɓa ba abin da ake aikowa a cikin jaka ba ne, mu kuma baƙi mun fi kowa sanin abin da wasa da irin wannan doka ke jawowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai dai musun bai tafi a banza ba, ya bar mana tambayoyin da ya kamata mu fara da su. Muka zauna gabansa muka ce, "Kawu, gwada mana yadda kake yi, mu ga inda hannun ke tsayawa." Aka kawo bindiga wadda ba kome a cikinta, ya yi mana ɗurin da yashi. A nan muka gane aikin kashi huɗu ne: riƙe bindiga a tsaye, auna gari, tusa toshi da sanda, sai kifa ƙwayar wuta a mazauninta. Na farko yana cinye masa hannun hagu, mai lafiyar ke nan. Na biyu da na uku dama za ta iya, in ta sami mariƙi mai kauri. Na huɗu kuwa abu ne kamar ƙwayar dawa, sau biyar ya gwada, sau biyar tana faɗuwa.

Muka tafi da shi wurin wani maƙerin Abzinawa, abokinsa na shekaru. Daga injin Amurka abu guda muka aro, wato a bar katako ya riƙe abin da hannu ya kasa riƙewa. Maƙerin ya fafe gungumen itace inda gindin bindiga zai zauna, ya kafa masa sanda mai baki biyu da ɗan maɗaurin fata, ya karkatar da ita yadda bakin bindiga zai kalli gefe, nesa da fuska. Hannun hagu ya sami 'yanci. Ya ƙera mazurari da ma'auni na tagulla, don baƙin ƙarfe yana ƙyasta wuta, ya naɗe mariƙin ma'aunin da fata har ya kai kaurin taɓarya, yadda yatsu uku na ƙarshe za su damƙe shi.

A kan sandar ɗuri muka sake kuskure. Muka ce a sa mata dunƙulallen kai, Kawu ya riƙa dannawa da tafin hannu da nauyin jikinsa. Ya girgiza kai. Ya ce ba a taɓa ɗora tafi a saman sanda tana cikin bindiga, domin in akwai ragowar wuta a ciki, sandar ita ce harsashin. Ya ce ya san mutum biyu da suka rasa yatsu ta wannan hanya, ɗaya a gida, ɗaya a nan. Aka yi mata mariƙi a gefe, da zoben fata da yake zura wuyan hannu. Game da ma'auni kuma shi ya tsaya a kan maƙerin, ya sa aka yanke bakinsa daidai inda ya nuna, don kada ya ɗauki fiye da ƙima ko da wani ya so. Ya ce samari ƙara suke so, kuma cika ciki shi ke fasa bindiga a hannun mai ita. Mu mutanen In Amgel ba a yi mana wa'azi a kan wuta da ta fi ƙarfin mazubinta. Ga dutsen In Ekker nan arewa da mu, inda gwajin nukiliyar Faransa ya ɓalle ranar 1 ga Mayu 1962, duk da injinan da suka tara.

Saura aiki na huɗu. Mun so a ƙera masa ɗan matsi da zai ɗauki ƙwayar wutar, maƙerin ma ya ce zai iya. Kawu ya yi shiru, sannan ya ce a'a. Ya ce hannun da ba ya jin abin da ya riƙe bai kamata ya kusanci kunama ba, kuma daga yau ya bar shiga da'ira. Ba mu taɓa jin muryarsa ta yi rawa ba sai ranar. Ya kira jikansa ɗan shekara goma sha tara ya ce, "Kai za ka riƙa sa wuta. Ni awo nawa ne." Mun je neman inji don Kawu ya yi aikinsa shi kaɗai, muka dawo da gungume da ma'auni da yaro. Hannu ɗaya dama ba ya ɗaukar jinka.

Maulidin bara an shimfiɗa masa tabarma a bayan fage. Bindigogi suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, ya auna, ya zuba, ya tusa, ya miƙa. Ya fi dā jinkiri sosai, samari suna ta ƙorafi a ɓoye, bai kula su ba. Da madugu ya ba da alama, ƙasa ta girgiza sau ɗaya, ƙura ta tashi, mata suka rangaɗa guɗa. Muka waiwaya muka dube shi. Yana share mazurarinsa da gefen rawani, ya ce, "Yanzu ta yi magana."

Mun rubuta wannan ne domin a cikinmu masu irin hannun Kawu suna da yawa. Akwai magina da bulo ya danne wa yatsu, akwai waɗanda suka dawo daga ramin zinariya da hannu a shanye, akwai iyaye mata da sanyi ya hana riƙe muciya. Muna da saurin tara kuɗi mu sayo musu abin da muka gani a waya, amma muna da nauyin baki wajen zama mu ce, gwada mana mu gani. Kafin ku sayi kome, ku sa mutum ya yi aikinsa a gabanku. Ku lura da abin da hannun ke iyawa har yanzu, ku bar masa shi, kada tausayi ya sa ku ƙwace. Abin da katako ko fata za su iya riƙewa, ku kai wa maƙeri. Abin da ya zama haɗari kuma, ku bari shi ya faɗa da bakinsa, ya zaɓi wanda zai miƙa wa.

Ma'aunin yana nan rataye a ƙusa, kusa da carbinsa. Jikan ya roƙa a bar masa shi ya kwana a wurinsa, Kawu ya ce tukuna. Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya ba dukkan marasa lafiyarmu sauƙi.