Kifi a Hanyar Agadas

Mutumin Kano kamar ni ba ya sa ran cin kifi a hanyar Agadas. Amma mota na wuce Tawa ta tsaya a Tabalak, sai ga farantan soyayyen kifi sun kewaye mu. Tabki ne babba, wanda tun 2005 yake cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Masuntansa sun san cewa kifi ba ko'ina yake tasowa ba. Tarwaɗa takan bi ruwan damina ta saki ƙwai cikin ciyawar da ruwa ya shanye, inda ba zurfi, kuma manyan kifaye ba sa iya kutsawa.

A Agadas kuwa, kifin da ya fi tsaya mini a rai ya mutu tun dubban shekaru. Can cikin Tanere, a Gobero, ayarin Paul Sereno na Jami'ar Chicago yana neman ƙasusuwan dinoso a 2000, sai ya ci karo da kaburbura kusan 200. An tono zago na ƙashi, da ƙasusuwan giwan ruwa da tarwaɗa. Tabki ne ya ƙafe, masunta suka watse.

Abin da tarwaɗa ke yi a Tabalak, kifin teku na yin irinsa a gaɓar ƙasashe masu zafi. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko biyu, ɗan kifin bai wuce ƙwayar shinkafa ba, igiyar ruwa ke kai shi inda ta ga dama. Akasarinsu a nan suke halaka. Masu rabo sukan faɗa bakin kogi inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri, ko cikin saiwoyin itatuwan gaɓar teku irin na Neja Delta, ko ciyawar ƙarƙashin teku, kowane iri da mafakarsa. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga ana tace bakin ruwa da gidan sauro: kifin baɗi ake kwashewa.

Wannan Saharar da ta kewaye Agadas, a Muritaniya take karewa, a Banc d'Arguin, ɗaya daga manyan wuraren renon 'ya'yan kifi na Afirka ta Yamma. An keɓe wurin a 1976, kuma masuntan Imragen ke da izinin su a ciki, da jiragen filafilai marasa inji.