Kwana biyu a Addis Ababa, garin da muke ratsawa ba mu gani

Mu masu zuwa sari Dubai ko Sin daga Maraɗi, Damagaram da Tawa mun san filin jirgin Bole kamar yunwar cikinmu. Mun san inda ake alwala, mun san kujerar da ta fi daɗin kwana. Amma ka tambaye mu garin da ke bayan gilashin nan, sai mu yi shiru. Shi ya sa wannan karon muka nemi biza ta intanet, muka ware kwana biyu don Addis Ababa kanta.

Abin da ya fara tarbar mu sanyi ne da ƙarancin numfashi. Garin yana kan tudu wajen mita 2,350, ya ɗara har ƙololuwar duwatsun Bagazam, wadda ita ce mafi tsawo a Nijar da mita 2,022. Hawa bene biyu kawai, sai ka ga ƙato yana haki. Agogonsu ma daban yake: daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ƙarfe 7 na safe ita ce ƙarfe 1 a wurinsu. In mai taksi ya ce maka ƙarfe 2, to ka tambaye shi ta wa.

Safiyar farko muka hau dutsen Entoto, inda Sarki Menelik na biyu ya fara kafa fadarsa. Sanyin wurin da ƙarancin itace suka sa matarsa Taytu ta gangaro kusa da maɓuɓɓugar ruwan zafi a 1886, ta raɗa wa wurin suna Addis Ababa, wato sabon fure. Fadar tana nan, ginin ƙasa da rufin ciyawa, kai ka ce gidan wani maigari ne a karkara. Mai wannan gida ne ya karya sojojin Italiya a Adwa a 1896. Kan hanyar saukowa mun wuce mata goye da damin itacen turare da ya fi su tsawo, za su kai gari su sayar.

Mun biya ta zauren Afirka, inda aka sa hannu kan kafa ƙungiyar haɗin kan Afirka ranar 25 ga Mayu 1963, har da Diori Hamani cikin masu sa hannun. Ɗan ƙasarmu Ide Oumarou ya riƙe sakatare janar na ƙungiyar daga 1985 zuwa 1989. Ba mu daɗe ba, don hankalinmu yana kasuwa.

Kai, Markato! Duk wanda ke alfahari da babbar kasuwar Yamai ya zo ya gani. Asalinta ma wariya ce: lokacin da Italiya ta mamaye ƙasar daga 1936 zuwa 1941, sai ta kwashe ƴan kasuwa ƴan ƙasa daga tsakiyar gari ta tura su yamma. Yau Gurage da Oromo da Amhara da Somali duk suna nan, layin yaji daban, layin masu ƙera murhu da tsohuwar taya daban, jakuna suna kutsawa tsakanin motoci. A tsakiyarta masallacin Anwar yake, cocin Raguel na maƙwabtaka da shi. Da asuba kiran salla da waƙen cocin kan haɗu a iska ɗaya.

Yadda suke zaman ne ya fi ɗaukar mana hankali. Musulmi ba ya cin yankan Kirista, Kirista ma ba ya cin yankan Musulmi, kuma ba a ɓoye abin. A ƙofar mahauci za ka ga alamar gicciye ko ta jinjirin wata, kowa ya san wurin zuwansa. Laraba da Juma'a Kiristocin Otodoks ba su cin nama, madara ko ƙwai, don haka gidajen abinci suna yin injera da wake da ganye iri-iri, abin da Musulmi baƙo zai ci hankali kwance. Gahawa kuwa ta kowa ce. A gabanka ake soya ta, a daka, a sa turaren wuta, a kawo gugguru. Zagaye uku ake sha kamar shayinmu, na ukun sunansa baraka, tashi kafin shi rashin ladabi ne.

Kada dai a ce mun zo da labarin aljanna. A 2023, a ƙofar wannan masallacin aka yi zanga-zanga bayan sallar Juma'a kan rushe masallatai a kewayen birnin, har aka rasa rayuka. Masallacin Najashi da muke ji a tarihin hijirar farko yana can nesa a yankin Tigray, shi ma yaƙin da ya ɓarke a 2020 ya taɓa shi.

Sai Piyasa, tsohuwar unguwar da Armeniyawa da Girkawa da Indiyawa suka bar gine-ginensu. A 2024 aka rushe mafi yawanta don faɗaɗa tituna, aka kwashe mazaunanta zuwa bayan gari. Titunan sun yi kyau, wallahi, ga fitilu ga hanyar masu keke, ga sabon gidan tarihin Adwa. Amma mu a ganinmu an yi asara, domin maƙwabtan da suka yi shekara da shekaru suna shan gahawa tare an watsa su. Ƴan Yamai da aka taɓa tasa daga rumfunansu na bakin titi sun san ɗacin wannan. Muna tsaye a wurin, Birnin Damagaram ne ya yi ta faɗo mana a rai.

Wanda zai tsaya, ya fara da Markato, kuma kada ya zaɓi Lahadi, yawancin shaguna rufe suke. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce mai sanyi, a riƙo rigar ruwa da ta sanyi, a bar takalmi fes a otel.