Ziyararmu a Beamish

A watan Disamba muka ziyarci Beamish, a gundumar Durham, arewacin Ingila. Nan aka kwaso tsofaffin gidaje da kantuna aka sake gina su, domin a ga yadda masu haƙar kwal suka yi zamansu wajen shekarar 1913.

Da sanyi ya ishe mu, sai muka faɗa kantin tufafi. Ga kayan mazan lokacin a rataye: kwat mai kauri na ulu, da falmaran, da hula mai baki, da ƙyallen naɗe wuya. Yara maza kuwa gajeren wando ne da doguwar safa har gwiwa.

Amma ba kullum talaka ke shiga kanti ba. In kwat ɗin uba ya tsufa, uwa takan rage shi ta ɗinka wa ɗa, daga baya ƙane ya gada. Tsumman da ya saura a yi shimfiɗar gaban murhu da shi. Mun ga irinta a gidajen leburori, kusa da ɗakin sujada.

To, 'yan'uwa, hunturu na tafe. Rigar da ta yi wa ɗanmu kaɗan, kada ta kwana a akwati, alhali yaron maƙwabci yana rawar ɗari.