Shekara tara ba a fasa mata jirgi ba

Ku tsaya ku ji abin da na ci karo da shi a zangon Saisio, cikin wasan EVE Online! Na ratsa zangon ne da jirgin dakon kaya, hankalina duk yana kan farashin ma'adinin da zan sauke a kasuwar Jita, sai ga wani abu ya cika mini fuskar kwamfuta. Mutum-mutumin mace ne, tsaye cak a sararin samaniya, girmansa ya shanye jirgina gaba ɗaya. Na danna in ga sunan: Katia Sae. Nan na yi watsi da cinikin, na shiga tonon labarinta, ban ɗago ba sai da sabar ta rufe da ƙarfe 12 na rana agogon Najeriya, kamar yadda take yi kullum na 'yan mintuna.

Ga wanda bai san EVE Online ba, wasa ne na intanet da kamfanin CCP na ƙasar Aislan ya fitar a 2003. Dubban mutane ne daga ƙasashe daban-daban a cikin duniya ɗaya, kowa da jirginsa, ana haƙar ma'adinai, ana ƙira, ana ciniki, ana yaƙi, ana cin amana. Kuma asara a nan asara ce. Idan aka fasa maka jirgi ya tafi ke nan, da shi da kayan da ka yi wata da watanni kana tarawa. Shi ya sa in mun haɗu a ƙungiyarmu hirar ba ta wuce yaƙe-yaƙe. Kowa ya haddace labarin B-R5RB na Janairun 2014: an yi sakaci ba a biya kuɗin riƙe zango ɗaya ba, abokan gaba suka auka, aka shafe awa 21 ana gwabzawa, mahalarta sama da 7,500, manyan jiragen Titan 75 suka tarwatse, asarar da aka kimanta da kusan dala 300,000. Da irin wannan aka san mu a waje.

To ga wata da ta shiga wannan gidan ƙaya ta ce ita kallo ta zo yi!

Ranar 1 ga Disamba 2009 Katia Sae ta tashi daga Saisio da niyyar taka kowane zango da jirgi zai iya shiga. Zango a wasan nan rana ce guda da duniyoyin da ke kewaye da ita, kuma waɗanda jirgi ke iya shiga a lokacin yawansu 7,805. Ta kammala ranar 9 ga Maris 2019. Shekara tara da wata uku. Abin da ya sa na miƙe tsaye daga kan kujera shi ne ɗaya rabin labarin: ko jirgi ɗaya ba a fasa mata ba. Ko ɗaya!

Sai wanda ya taɓa fita daga yankin tsaro zai san nauyin wannan magana. A tsakiyar taswira akwai 'yan sandan wasan, CONCORD, masu hukunta duk wanda ya far maka. Kana matsawa gefe tsaro yana raguwa, har ka isa inda babu doka sai ta mai ƙarfi. A can 'yan fashi ke kwana a bakin ƙofar zango, su kafa wani kumfa mai hana jirgi tserewa, su zauna jiran tsautsayi ya kawo musu wani. Kana faɗowa daga ƙofa kana da minti ɗaya a ɓoye kafin a gan ka. A cikin wannan minti za ka duba inda suke, ka zaɓi inda za ka nufa, ka danna tafiya, ka kunna na'urar ɓuya, duk da yatsun da ke rawa. Na san wannan rawar yatsu. Na san yadda zufa ke keto wa mutum a ɗakin da fanka ke juyawa. Ita kuwa ta ratsa irin waɗannan ƙofofi ba adadi, tana tsayawa tana ɗaukar hotunan duniyoyi ɗaya bayan ɗaya, ta wuce lafiya.

Wannan ma shi ne mai sauƙin, domin zangon da ke kan taswira, sama da 5,000, ƙofofinsu ba sa motsi. Sauran kimanin 2,600 ba su da ƙofa ko ɗaya. Ana shigarsu ne ta wasu kafofi da ke buɗewa inda suka ga dama, su yi kamar yini guda su rufe, ko su rufta idan jirage masu nauyi sun yawaita bi. Sai ka harba na'urorin lalube ka gano kafar, ka shiga, sannan ka san inda ta jefa ka. A ciki kuma babu jerin sunayen da ke nuna maka wa ke tare da kai. Mai farautarka zai iya kasancewa a gefenka, a ɓoye. Yanzu ku auna: da farko kowace kafa sabon wuri ce. Amma idan ya rage maka ɗari, ya rage goma, ya rage ɗaya fa? Neman allura ne a cikin rumbun gero, rumbun ma kullum ana juya shi.

A nan ne labarin ya ƙara kama ni, domin ba ita kaɗai ta ƙarasa ba. Akwai ƙungiyar 'yan wasa mai suna Signal Cartel, wadda ita ma mamba ce a cikinta. Dokarsu ba sa fara kai wa kowa hari. Aikin da suka ɗora wa kansu shi ne ajiye akwatunan ceto a waɗancan zangunan marasa ƙofa, da na'urorin lalube a ciki, domin wanda ya maƙale ya samu hanyar fita, ko da abokin gaba ne. Su ne suka bazu suna lalube, duk wanda ya faɗa zangon da ba ta taka ba sai ya tsaya ya nemo hanya ya aika mata. Mutanen da galibinsu ba su taɓa ganin fuskar juna ba, suna ba da darensu don wata ta cika alkawarin da ta yi wa kanta tun 2009! Wallahi na karanta wannan sai da idona ya ciko.

Ina ganin wannan ne ke riƙe mutum shekara goma a wasa ɗaya. Lokacin da ka zuba a ciki na gaske ne, hatta ƙwarewar tuƙin jirgi da agogon duniya ake koyonta, kana barci tana tafiya. Mutanen da ka tarar su ma na gaske ne, kuma suna tuna abin da ka yi. CCP ta kafa mata wannan mutum-mutumi a 2019 a zangon da ta faro, kundin bajinta na Guinness ma ya rubuta tafiyar.

Ni dai na sayar da ma'adinin nan, na sayi ƙaramin jirgin lalube da na'urar ɓuya, na buɗe littafi ina rubuta sunan duk zangon da na shiga. Na aika wa 'yan ƙungiyarmu cewa kada a sa ni a jerin masu fita yaƙin daren Asabar. Shugabanmu ya ce lafiya? Na ce masa ya ɗauko jirgi ya same ni a Saisio, zan nuna masa.