A Alaska, Inda Masunci Ke Rataya Libarba a Ƙirji

Masuntan Alaska da libarba suke shiga ruwa. A kogin Russian, kudu da birnin Ankorej, inda jan kifin salmon ke hawowa daga teku a watan Yuni, za ka ga mutum tsaye cikin ruwa har gwiwa, sandar fatsa a hannu, a tsakiyar ƙirjinsa kuma ga kube an ɗaure tamau, ƙotar bindiga ta leƙo. Har mata. Kowa sha'anin gabansa yake yi, ni kaɗai nake ta waige-waige.

Mai masaukina ɗan wan mahaifina ne, ya daɗe yana aikin asibiti a can. Na matsa kusa da shi na ce, "Yaya, waɗannan su suka fito ko yaƙi?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, bar kallon mutane, dubi tsallake." Can bakin ciyawa wata beyar mai ruwan ƙasa ce take yagar kifi, ko ɗaga kai ba ta yi. Kifin da ya tara mutane shi ya tara ta. Manyan irinta a tsibirin Kodiyak suna haura kilo 600, kuma idan ta zabura tana wuce kilomita 50 a awa. Dalilin rataya bindigar a ƙirji kuwa, wandon roba na shiga ruwa da ɗamarar jakar goyo sun rufe ƙugu, kafin ka lalubo ta can an gama da kai.

Tun 2003 baligi a wannan jiha ba ya bukatar lasisi kafin ya ɗauki ƙaramar bindiga a jikinsa. Sai na ɗauka ai nan kowa gashin kansa yake ci. Kantin kayan farauta da muka shiga a Ankorej ne ya nuna mini inda gizo ke saƙa. Libarbobi jere cikin gilashi, wasu baƙaƙe, wasu farin ƙarfe suna sheƙi. Mai kantin, wani dattijo mai furfurar gemu, ya ciro ɗaya ya ajiye a kan ƙyalle. Kafin hannuna ya isa, Yaya ya riƙe mini gwiwar hannu. Dokar tarayyar Amurka ta hana baƙon da ya shigo da bizar ziyara riƙe bindiga ko harsashi, sai idan yana da lasisin farauta na wata jiha, ko yana cikin wasu 'yan rukunai da aka keɓe. Sayen libarba a kanti kuma sai mazaunin jihar wanda ya cika shekara 21, ya cike fom mai lamba 4473, a bincika tarihinsa. Don haka a duk labarin nan ni ido ne nawa da kunne.

Lambobin da ke jikin bindigogin faɗin harsashi suke nunawa da ma'aunin inci, ko da yake ba daidai wa daida ba. Uwar gidan ita ce .44 Magnum. Wani makiyayi kuma marubuci na jihar Idaho, Elmer Keith, ya shafe shekaru yana ƙara wa tsohon harsashi albarushi yana matsa wa kamfanoni lamba, har Smith & Wesson da Remington suka fito da ita a tsakiyar shekarun 1950. Fim ɗin Dirty Harry na 1971 ya sa har wanda bai taɓa shiga daji ba ya nemi tasa. Sai Dick Casull ya zo da .454, wadda kamfanin Freedom Arms na Wayomin ya fara ƙera wa libarba a 1983, ƙarfinta ya kusa ninka na .44. A 2003 Smith & Wesson ya fito da .500, a 2005 kuma .460, wadda ke iya cin harsashin .454 da na .45 Colt idan mai ita yana son sassauci. A .500 aka tsaya, domin tun 1968 dokar Amurka ta sa duk bindigar da faɗin bakinta ya wuce rabin inci a sahun makaman ɓarna, in ban da irin bindigar harbin tsuntsu da aka yi wa togiya. Wato maƙeran sun kai har jikin katangar da doka ta gina, suka jingina.

Na ga .500 ɗin a kusa. Harsashi biyar take ci, ba shida ba, saboda ramukan sun yi faɗi. Mai dogon bututu ta kai kilo 2 ba harsashi. A filin koyon harbi na Rabbit Creek, wanda hukumar kifi da namun daji ta jihar ke kula da shi, na tsaya daga baya da abin toshe kunne, na kalli wani ƙaƙƙarfan saurayi yana gwada sabuwar tasa. Harbin farko wuta ta fito ta baki da gefe, bututun ya ɗaga sama, na ji iskar a ƙirjina. Harbi na biyu ya yi kyau. Daga na uku sai na lura yana runtse ido yana dannar da hannu ƙasa tun kafin kunamar ta saki, jikinsa ya riga ya san abin da ke tafe. Ragowar harsasan ƙasa suka ci a gaban allon. Ya ajiye ta yana yarfe hannu. A gefensa wata mata mai matsakaicin shekaru tana ta zuba harsasan .44 cikin da'ira ɗaya, ba gaggawa.

Abin da mai kantin ya faɗa ke nan tun farko, kuma na ji shi a bakin fiye da mutum ɗaya: ka zaɓi mafi girman da za ka iya harbawa sau shida a jere duk su faɗa cikin faranti guda, abin da ya wuce haka ado ne. Sun fi ba harsashi muhimmanci a kan ƙarar bindiga. Dalma mai tauri suke so, mai faffaɗan kai, mai nauyin giram 20 ko sama, wadda za ta fasa ƙashi ta ratsa ba ta tarwatse ba. Wasu ma sun bar libarba sun koma Glock 20 mai harsashin milimita 10, irin wadda sojojin sintirin Denmak ke riƙewa a Girinlan saboda farar beyar. Da yawa kuma gwangwanin barkonon fesawa suke ratayawa, su ce ya fi saurin fita kuma ba ya bukatar saiti.

Bindigar tsaron kai daban, ta farauta daban. Ta tsaro gajeriya ce, kamar Ruger Alaskan mai bututu inci biyu da rabi. Ta farauta bututunta inci bakwai ko takwas, sau da yawa da madubin saiti a kai. Mai farauta da ita ya zaɓi wahala da gangan. Abin da mai doguwar bindiga zai kayar daga mita 300, shi sai ya lallaɓa ya rage tazarar zuwa mita 50 ko kusa da haka, yana lura da inda iska ke kaɗawa, kamar maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshi ya yi rarrafe har cikin garke. Wannan ɓangaren na sha'anin ya burge ni ƙwarai.

To amma ita wannan bindiga ba ta son tafiya. Wanda zai zo Alaska da mota daga sauran jihohin Amurka dole ya ratsa Kanada, ta babbar hanyar da soja suka gina a 1942 daga Dawson Creek. A dokar Kanada ƙaramar bindigar da bututunta bai wuce milimita 105 ba haramtacciya ce, don haka Ruger ɗin da aka raɗa wa sunan Alaska ba za ta iya zuwa Alaska ta ƙasa ba. Masu dogon bututu ma sai da izini na musamman tun kafin a iso iyaka, ba a farauta da su a can, kuma tun Oktoban 2022 Kanada ta dakatar da cinikinsu a cikin gida. Sai dai mutum ya aika da ita ta hannun dillali mai lasisi, ko ya sa ta cikin akwati mai kwaɗo, ba harsashi a ciki, ya shaida wa ma'aikatan jirgin sama.

Ita kanta Alaska, duk da sakin da ta yi wa riƙon bindiga, ta ɗaure farauta. Baƙo ɗan wata ƙasa ba ya harbin babbar dabba sai da ɗan jagora mai rajista. Wanda jirgi ya sauke shi a daji yau, yawancin manyan dabbobi sun haramta gare shi sai bayan ƙarfe 3 na daren. Wanda ya kashe mus, wata jibgegiyar dabba dangin barewa da ta fi doki tsayi, bai isa ya fito da ƙaho ya bar nama a daji ba, ana ɗaure mutum a kan haka. Idan kuwa beyar ta far maka ka kashe ta don ceton rai, sai ka feɗe ta ka kai wa hukuma fatar da faratan da ƙoƙon kan, ka rubuta bayani.

A filin harbin nan muka gamu da wani dattijo, tsohon ma'aikacin bututun mai, da .454 a hannu. Da ya ji daga Afirka nake sai ya saki fuska, ya ce burinsa ɓauna. Ya buɗe mota ya nuna mini jakar takardu. Akwai fom 4457 na kwastan ɗin Amurka, shaidar cewa bindigar daga gida ta fita, don kada a hana ta komawa. Akwai SAPS 520 na 'yan sandan Afirka ta Kudu, wanda ake miƙawa a filin jirgin O.R. Tambo na Johannasbag, haɗe da wasiƙar gayyata daga kamfanin farautar da wata wasiƙar da ke bayanin cewa libarbar ta farauta ce. Can ba a shiga da bindiga biyu masu harsashi iri ɗaya, harsashi kuma 200 ne iyaka ga kowace, ko da yake kamfanonin jirgi sun riga sun tsayar da nasu a kilo 5. Ta Atlanta zai tashi kai tsaye, domin ratsawa ta Amsterdam sai da takardar izinin Holan, Birtaniya kuwa ta haramta ƙananan bindigogi a 1997, bayan kisan yara 16 da malamarsu a makarantar Dunblane ta Sikotlan a 1996.

Ƙorafinsa a kan Namibiya ne da Tanzaniya. Dukkansu ba su yarda a yi farauta da ƙaramar bindiga ba. Zimbabuwe sai da izini na musamman. Kenya ta rufe farautar manyan dabbobi gaba ɗaya tun 1977. Namibiya ta ƙayyade cewa harsashin da za a harbi ɓauna ko giwa da shi kada ƙarfinsa ya gaza jul 5,400. Na .44 bai cika wuce 1,500 ba, na .454 wajen 2,500, .500 ɗin da ke yarfar da hannun samari ma a ƙasa da layin take. Tsohuwar doguwar bindiga .375 ta Holland & Holland, wadda aka fitar a Landan a 1912, ta haye shi. Dattijon ya ce wannan lissafin 'yan ofis ne, gwanaye sun sha kayar da ɓauna har da giwa da libarba.

Gaskiya ya faɗa, an kayar. Amma a nan na rabu da shi. Ɓaunar da aka yi wa rauni ba ta faɗi ba kurmi take shiga, ta laɓe ta jira. Dokar farauta kuma ba ta yarda a bar ta ba, sai an bi ta. Wanda ke gaba a wannan bin, kansa a sunkuye yana duba ɗigon jini a kan ciyawa, ba baƙon da ya biya dala ba ne. Mai bin sawu ne, ɗan ƙauyen da ke gefen dajin, galibi daga shi sai sanda. Bayansa ƙwararren maharbi da doguwar bindiga, sannan baƙo. Idan baƙon ya zaɓi makamin da ya fi wuyar saiti don a ce ya yi abin da ba kowa ke yi ba, wani ne ke biyan kuɗin kuskurensa da cinyarsa. Ƙasar da ta ce ba ta yarda ba ta san wanda take karewa. Na faɗa masa haka cikin ladabi. Ya yi shiru, ya ce shi ya sa yake zuwa filin nan kowane mako. Na yarda da niyyarsa, amma da ni ke rubuta dokar da ta Namibiya zan kwafa.

A hanyar gida rana tana sama kamar la'asar, alhali an wuce ƙarfe 10 na dare, magariba sai kusan sha biyu. Yaya ya ce in tuna masa mu zazzage jakata kafin in tashi, tunda ta kwana a bayan motar da ta je filin harbi. Ba wasa yake ba. A 2024 an tsare Amurkawa da dama a tsibiran Turks da Caicos saboda 'yan harsasan da suka manta a jaka, a lokacin da dokar can ta tanadi ɗaurin shekara 12 mafi ƙaranci. A gida Najeriya kuma Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa libarba da fistol a sahun haramtattun makamai, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da lasisinsu. Bindigar harbin tsuntsu tana hannun Sufeto Janar, harbi-ka-ruga ta maharbanmu kuma Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

Don haka duk wanda ya je irin waɗannan wurare abokai suka ja shi kallon harbi, ya tambayi abin da bizarsa ta halatta masa kafin ya miƙa hannu. Ranar dawowa kuma ya juye jakarsa a ƙasa, ya laluba kowane aljihu, ko kwanson harsashi kada ya ɗauko da sunan tsaraba.