Zuwa Ga Alkakin Kakata



Makon jiya aka kai garar ɗiyar ƙanwata nan Birnin Kebbi. Aka sauke bokitan roba, aka ce kai ne a ciki. Na gutsura, na yi shiru. Fulawa ce da yis, an tsoma ta a ruwan sukari. Sunanka kawai ta ara.

Ni na san ka tun kana tsaba. Alkamarka a fadamar Argungu ake noma ta da rani, lokacin da hunturu ke busawa ta kan Matan Fada. Kakata Inna takan auno ta da kanta, a surfa, a wanke, a shanya a tabarma, sannan a ɓarza. Ba ta yarda a niƙa ka luƙui. Cewa take alkakin da ba ya gurzar haƙori ɗan wani ne.

Daren kwaɓi kuwa ba a barci da wuri. A murje ɓarzajjen da man gyaɗa har ya kama jiki, a zuba tsami, a rufe ƙwarya a bar ka ka kwana. Da safe sai ruwan kanwa. Daga nan matan unguwa su zagaye faifai, kowa ta ɗebi curi ta murza shi a tafin hannu ya yi tsawo, ta naɗe, ta sarƙe bakin. Nawa kullum tsinkewa yake. "Kishiya, sannu-sannu," in ji Inna, "ba igiyar guga kike tufka ba." Kasko yana kan murhu, itace kaɗan-kaɗan don cikinka ya soyu kafin bayanka ya yi ja, zuma kuma tana jira a gefe.

A 1991, shekarar da aka ba mu Jihar Kebbi, aka aurar da yayata. Kwana uku aka yi ana suyarka, kai da dubulan, ana dakan nakiya da shinkafar fadama. Bayan wata biyu na kai mata ziyara, ta buɗe kwalla, ga ka nan garas, ba ka canza ba.

An ba ni labarin Tamilawa na kudancin Indiya suna da wani soyayyen abu na bikin Diwali, murukku, da garin shinkafa da na wani wake. Sunan yana nufin murɗaɗɗe, kamar kai. Da na ji har yau akwai matan da ke murɗa shi da yatsa, sai da na ji kishi.

Ban ga laifin masu sayen na fulawa ba. Alkama ta yi tsada, zuma ta gaskiya sai an tona, matan da za su zauna kwana uku sun tafi aiki. Abin da ke cin raina shi ne a 2015 nan Birnin Kebbi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa da alkama, muka yi ta maganar buhuna, ba wanda ya tambayi hannun da ya iya juya tsabar ta zama kai. Ni ma ban tambaya ba sai da Inna ta rasu.

Akwai tsofaffi a Argungu da suka san yawan kanwarka da ido. 'Yan'uwana mata, mai irin wannan tsohuwa a gida ta sayo tiya ɗaya ta alkama, ta zauna gabanta kafin bikin gaba.

Taka har kullum,
Jikar Inna, Birnin Kebbi