Daren Basalona zuwa Marseille: Ka san ɗakin da za ka kwana kafin ka hau jirgin ruwa

A 'yan shekarun nan, da zarar hutun makaranta ya gabato, za ka ji magidanta a Abuja, Legas da Fatakwal suna tambayar masu shirya tafiye-tafiye labarin manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa da ke zaga biranen gaɓar Bahar Rum, ko masu tashi daga Dubai da Jidda. Ana tambayar kuɗin tikiti, ana tambayar biza, ana tambayar ko akwai abincin halal. Tambaya ɗaya ce ba a cika yi ba: ɗakin da za a ba mu, a wane ɓangaren jirgin yake? Ni ma ban yi ta ba, sai da rashin yin ta ya jawo wa mahaifiyata daren wahala. Shi ya sa yau nake so ka biyo ni mu sake bin wannan hanya tare.

Ka ƙaddara ka sauka a Basalona ta ƙasar Sifen a cikin watan Maris, da sauran sanyi. Mota ta ɗauko ka ta gangaro ƙarshen titin La Rambla, ta wuce doguwar hasumiyar da aka ɗora mutum-mutumin Columbus a kanta, ta shiga tashar jiragen ruwa da ke gindin tsaunin Montjuic. Abin da za ka tarar ya fi kama da unguwa guda da aka ɗora a kan ruwa. Manyan jiragen nan tsawonsu ya haura mita 300, kamar filin ƙwallo uku a jere, tsayinsu kuma ya wuce bene hawa 15. Akwai gidajen abinci a ciki, da kantuna, da wurin wasan yara, har da ƙaramin asibiti. Muddin jirgin yana ɗaure a tasha, za ka iya rantsewa otal ne da aka kafa wa harsashi a ƙasa.

Ɗakuna biyu na kama. Hajiya da ƙanwata na biya musu mai tsada, a hawa na 14, can a goshin jirgin, mai baranda da ke kallon teku. A ganina girmamawa ce. Ni da uwargida da yara muka ɗauki mai sauƙin kuɗi a hawa na 5, a tsakiyar jirgin, mai 'yar taga da ba a buɗewa.

Da yamma jirgi ya saki tasha, fitilun birnin suka yi ta ja da baya har suka ɓace. Daga Basalona zuwa Marseille ta Faransa tafiyar dare ɗaya ce, amma hanyar tana ratsa wani yanki na teku da Faransawa ke kira Mashigin Zaki. A nan ne wata iska mai sanyi da ake kira mistral ke gangarowa ta kwarin kogin Rhone ta faɗa wa teku da ƙarfi, musamman lokacin sanyi da farkon bazara. Ka tuna da hunturu idan ya yi tsanani, sai dai wannan maimakon ƙura, raƙuman ruwa yake tayarwa.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare wayar ɗakinmu ta yi ƙara. Ƙanwata ce: "Yaya, ka zo da sauri, jikin Hajiya ba daɗi." A ɗakinmu motsin bai wuce jijjigar da ake yi wa jariri ba, yara ma barcinsu suke yi. Amma da na hau sama na miƙi doguwar hanyar da ke zuwa goshin jirgin, sai na ji ƙasa tana ɗagowa ta tare ƙafata, can kuma ta gudu ta bar ni. Sai da na riƙa dafa bango. Na tarar da Hajiya a zaune a bakin gado, gumi mai sanyi na keto mata, ta yi amai sau uku. Duk da haka ta ɗago ta ce, "Kai ɗan nan, wannan gidan naku ba ya tsayawa wuri ɗaya ne?"

Abin da ya tsorata ni ya wuce aman. Hajiya tana da ciwon sukari da hawan jini. Abincin dare ya fita, ruwan jiki yana raguwa, ba mu kuma san ko magungunan da ta sha sun zauna ko sun biyo aman ba. Muka riƙo ta zuwa asibitin jirgin, wanda yake a ɗaya daga cikin hawan ƙasa. Likita ya auna sukarinta, ya yi mata allurar tsayar da amai, sannan ya tambayi lambar ɗakinta. Da ya ji, sai ya ce idan da hali a sauko da ita ƙasa, a tsakiya. Babu ɗakin da ba kowa a daren, sai muka yi musanya: Hajiya ta koma wajen uwargida da yara, ƙanwata ta shimfiɗa a gefenta, ni kuma na haura sama. Kafin asuba ta samu barci. Ni da nake ganin ina da ƙarfin ciki, a barandar nan mai tsada na ga wayewar gari, ina haɗiyar yawu.

To, me ya sa jirgi ɗaya, teku ɗaya, dare ɗaya, amma ɗaki biyu suka bambanta haka?

Dubi ɗan garuwa idan ya saɓo sandarsa. Garewanin da ke bakin sandar gaba da baya su ne ke sama suna ƙasa, amma wurin da sandar ta zauna a kafaɗarsa kusan ba ya motsi. Haka jirgi yake idan yana saran raƙuman ruwa: goshi ya ɗaga, baya ya sauka, sannan su juya, tsakiya kuwa ita ce kafaɗa. Goshin ya fi shan wahala domin shi ke fara karo da igiyar ruwa, har wani lokaci ka ji ya faɗo da ƙara. Baya yana bi masa, ga kuma rawar injin da farfela da ake ji a can.

Motsi na biyu shi ne tangaɗi daga dama zuwa hagu. A nan kuma ka tuna da giginya ranar iska: kanta na kaiwa da komowa, gindinta na nan daram. Duk hawan da ka ƙara a jirgi, ka ƙara nisa daga wurin da yake juyawa a kai, saboda haka tangaɗin da ɗan hawa na 5 zai ji kaɗan, ɗan hawa na 14 zai ji shi ninki. Jiragen zamani suna da wasu fikafikai da ke fitowa daga gefensu a ƙarƙashin ruwa, suna rage wannan tangaɗi sosai. Amma ɗagawar goshi da saukarsa, fikafikan ba su da wani abin kirki da za su iya yi a kai. Ɗakin Hajiya ya haɗa biyun: yana can gaba, yana kuma can sama.

Shi kuwa jirin, daga kunne yake farawa. Can cikin kunnenka akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, da 'yan jakunkuna biyu masu ƙwayoyi kamar yashi. Su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko kana tsaye, ko ka karkata, ko ana ɗaga ka. Idan kana cikin ɗaki a rufe, ido yana ganin bango da gado a tsaye cak, kunne kuma yana cewa ana lilo da kai. Wannan saɓani shi ke haifar da hamma, yawan yawu, gumi mai sanyi, ciwon kai, tashin zuciya, sannan amai. Binciken da aka yi a Amurka a 1974 ya nuna cewa motsin da ya fi tayar da zuciya shi ne na sama da ƙasa a hankali, kusan sau ɗaya a kowane sakan shida, kuma irinsa ne ake samu a goshin jirgi.

Kada ka ɗauka ragwanta ce. Admiral Nelson, fitaccen kwamandan sojan ruwan Ingila da ya mutu a yaƙin Trafalgar a 1805, ya yi fama da wannan jiri tsawon rayuwarsa a teku. Waɗanda ya fi kamawa su ne yara daga shekara 2 zuwa 12, mata, musamman masu juna biyu, da masu ciwon ɓarin kai. Idan kana da yaron da ba a kaiwa Kaduna daga Abuja sai an tsaya masa a hanya ya yi amai, to ka riga ka san wanda za ka fara tunawa wajen zaɓen ɗaki.

Saboda haka kafin ka biya kuɗi, ka ce a nuna maka taswirar jirgin. Kowane kamfani yana da ita a shafinsa na intanet, hawa-hawa, da lambar kowane ɗaki, kuma galibi farkon lambar shi ne hawan. Ka auna tsawon jirgin da ido ka nemi tsakiya, sannan ka sauko zuwa hawan ƙasa na fasinja. Idan ka samu mai taga a wurin, ya fi, domin ido zai riƙa ganin inda sama ta haɗu da ruwa ya daidaita da kunne. Idan kuwa zaɓin tsakanin ɗaki marar taga a tsakiya ne da mai baranda a goshi can sama, mai saurin jiri ya ɗauki na tsakiyar, ya riƙa fita shan iska. Akwai kuma tikiti mai rangwame wanda kamfani ne ke zaɓa maka ɗaki daga baya. Matashi mai ƙarfin ciki zai iya gwada sa'arsa, amma kada ka yi wa tsohuwa ko mai juna biyu wannan caca. Ka sani kuma yawancin kamfanonin ba sa ɗaukar mace idan cikinta zai shiga mako na 24 kafin a gama tafiyar, ko jaririn da bai kai wata shida ba.

Lokacin tafiya ma yana da tasiri. Bahar Rum ta fi kwanciya daga Yuni zuwa Agusta, lokacin sanyi kuma ta fi tashi. Tekun da ke tsakanin Dubai, Abu Dhabi da Doha galibi ya fi sauƙi idan aka kwatanta da ratsa Atlantika.

Game da magani, ka je wurin likitanka tun kana gida, domin asibitin jirgi kuɗinsa daban ne, kuma ba shi da araha. Akwai cinnarizine, wanda aka fi sani da Stugeron a kemis, ana shan sa kamar awa biyu kafin tafiya. Akwai promethazine, wato Avomine ko Phenergan, wanda ba a ba yaron da bai kai shekara biyu ba. Akwai kuma filastar hyoscine da ake mannawa a bayan kunne awanni kafin a tashi, tana aiki har kwana uku. Dukkansu suna iya sa barci da bushewar baki, kuma sun fi amfani idan an sha kafin jirin ya fara, domin idan amai ya kankama ƙwaya ba ta zama a ciki. Mai hawan jinin ido, da dattijon da fitsari ke yi masa wuyar fita, da mai juna biyu, kada su sha ko ɗaya sai da izinin likita. Magungunan mura da ƙaiƙayi marasa sa barci, irin su loratadine, ba sa maganin wannan jiri. Citta kuwa tana taimaka wa wasu, ba laifi uwargida ta saka garinta a jaka don shayi.

Idan jirin ya riga ya kama ka, ajiye waya da littafi. Fita inda iska take a tsakiyar jirgin ka kafa ido can nesa, ko ka kwanta rigingine ka rufe ido, kada ka riƙa juya kai. Ka ci abu kaɗan marar maiƙo, kamar biskit ko busasshen burodi, ka riƙa kurɓar ruwa a hankali, ka kuma tafi da 'yan ƙullin ruwan gishiri da sukari na ORS. Mai ciwon sukari ya riƙa auna jininsa, kada ya yi allurar insulin yadda ya saba alhali abinci ba ya zama, sai ya tuntuɓi likita. Idan aman ya zo da gudawa ko zazzaɓi, wannan ba jirin teku ba ne kawai, yana iya zama cuta mai yaɗuwa, a sanar da asibitin jirgin nan take.

Da gari ya waye muka shiga Marseille. Iska ta share sararin sama tas, cocin Notre-Dame de la Garde na can bisa tsauni yana kallon tsohuwar tasha. Hajiya ta sha shayi, ta ce a kai ta kasuwa, muka zaga unguwar Noailles inda 'yan Arewacin Afirka ke sayar da dabino, kayan yaji da naman halal. Daga nan jirgi ya bi Genoa, ya gangara Palermo, birnin da Musulmi suka mulka daga 831 zuwa 1072, ya shiga tashar Valletta ta Malta, inda harshen mutanen ya samo asali daga Larabci. Jiki yakan saba da motsin cikin kwana biyu zuwa uku, kuma haka aka yi. Amma ɗakinta na sama, Hajiya ba ta sake yarda ta taka shi ba. Bayan mun sauka ta yi kwana ɗaya tana jin kamar ƙasa na lilo, wanda shi ma abu ne da aka saba gani, yakan wuce da kansa.

A hanyar dawowa ta ba jikokinta labarin kakanninmu da suka ratsa Sudan a ƙasa, suka hau ƙananan jirage daga Sawakin zuwa Jidda domin sauke farali, inda mutum ya samu wuri nan yake zama. Kai da aka miƙo wa taswira aka ce ka zaɓa, ka yi amfani da damar. Ko jirgin Ikorodu zuwa Marina za ka hau gobe da safe, ka guji kujerun can gaba, ka nemi tsakiya, ka kalli nesa.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka ya kai mu.